Igiya da Ɗamarar Maigidana

Ban taɓa ganin dutsen ba. Duk zaman da na yi a gidan mijina a Madabo, dutsen da na sani da idona shi ne Dala, wanda ake hangowa in an hau saman soro yin shanya, shi kuwa Malam, mijin nawa, ko kallo bai ishe shi ba, wai wannan tudun wasan yara ne. Nasa duwatsun suna can kudu, wajen Rano, inda ƙudan zuma ke yin gida a cikin tsaga, a tsakiyar fuskar dutse, wurin da ko akuya ba ta kai ƙafa. Ɗiban wannan zuma shi ne sana'arsa, shi ne kuma sana'ar mahaifinsa. Masu magani na cikin birni sun fi son ta a kan ta amya, suna cewa ta fi ƙarfi.

Yadda ake yi, a bakinsa na ji. Ana hawa ta bayan dutsen, inda ya kwanta. In an kai sama sai a buga ƙusar ƙarfe a cikin tsaga, a ɗaura igiya, mutum ya ɗaura ɗamarar fata a ƙugu, ya zura igiyar ta ƙawanyar ƙarfe da ke jikin ɗamarar, sannan ya juya baya ya sauka ta gefen da yake a miƙe kamar bango, da bakin wuta mai hayaƙi a hannu ɗaya. Abokin tafiyarsa yana sama yana sakar masa igiya kaɗan-kaɗan. Ranar da ya fara ba ni wannan labari ina amarya, na tambaye shi me ya hana ya nemi sana'ar masu hankali. Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ya auro 'yar dukawa. Da wannan suna yake kirana har ya koma ga Allah, domin mahaifina baduku ne, cikin fata da basilla na tashi.

Ashe ba wasa yake yi ba. A gidan akwai doka, kuma mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, ita ta zaunar da ni ta faɗa mini tun lallen aure bai gama fita daga hannuna ba. Mai hawa ba ya duba kayansa. Dalilinta shi ne, mutumin da igiya ta riƙe shi a sama yana jin nauyinta, sai ya riƙa yi mata kara, ya ga inda ta ci ya ce ai za ta ƙara kai shi sau ɗaya. Don haka in ya dawo, a ƙofar ɗakin matarsa yake ajiye buhun kaya, ba ya kuma sake taɓa shi sai ranar tafiya. Iya ta yi wa mijinta, ni zan yi wa ɗanta. Sauran dokar ta fi wuya. In mai dubawa ta ga igiya ta mutu, a nan take za ta sa wuƙa ta raba ta, ba shawara, ba jiran ya dawo daga masallaci, shi kuma ba shi da ta cewa. Amma igiya mai lafiya ba a yanka ta, ko da an yi faɗa da mai ita. Da ta zo wannan wurin sai ta ɗago ta dube ni, don tun a lokacin ta gane ina da zuciya.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Igiyar ta rama ce, tufka uku, kaurinta ya kai babban yatsan ƙafa. Wani tsoho ne a unguwar Sheshe yake tufka musu ita, ba ya kuma yi wa kowa irinta sai su. In ta dawo sai in warware ta a tsakar gida, in kakkaɓe, in ɗauraye da ruwan rijiya zalla, ba sabulu, in shanya a inuwa, domin rana tana cinye ƙarfin rama. In ta sha iska sai in zauna a tabarma in miƙe ƙafa, in riƙa jan ta ta cikin tafin hannuna daga wannan baki har wancan. Iya ta koya mini in rufe ido ina yi, don yatsa ba ya yi wa kowa kara. Inda na ji laushi ko kumburi sai in tsaya, in murɗa ta baya har tufkar ta buɗe, in leƙa ciki. Tsakuwa 'yar mitsitsiya in ta shige nan, ita ke yanka igiya ta ciki alhali waje yana nan sumul, sai in sa tsinke in cire. In shinshina, don ruɓa tana fara wari kafin ta nuna. Bakunan biyu in naɗe su da zare in shafe da kakin zuma. A can kusa da ƙarshe kuma in yi wani ƙaton ƙulli wanda ba zai wuce ta cikin ƙawanya ba, saboda ko da igiya ta kuɓuce wa mutum ta gudu, ya sami abin da zai tare shi.

Ɗamara ita ce tawa ta gado. Kirgi ne ninki uku, ɗinkin hannu. Ina bin ɗinkin da farce ɗaya bayan ɗaya, wanda ya saki in farke in sake shi da basilla, ba a tsohon rami ba, a sabo kusa da shi. In shafa man kaɗe in bar fatar ta sha. Ƙawanya kuwa, igiya tana cin ƙarfe a hankali har ta yi masa kwari, in kwarin ya fara kama farcena to ta tashi aiki, sai a aika wa maƙeri. Ƙusoshin in goge musu tsatsa da yashi da toka, in rataye kowace da zare in buga mata cokali. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo. Wadda ta tsage ta ciki ba ta amsawa, sai in ware ta gefe.

Na ƙarshe shi ne wanda matan maƙwabta suka daɗe suna yi mini dariya a kansa ta saman katanga. Akwai darbejiya a tsakar gidanmu. In na gama komai sai in jefa igiyar a kan babban reshe, in ɗaura ɗamarar a kan zanena, in ɗage ƙafafu in yi lilo, in girgiza, in saki jiki gaba ɗaya. Iya ta ce wadda ta ce kaya sun yi, ita za ta fara ɗora kanta a kai. Tsakanina da ƙasa bai fi kamu biyu ba, ko na faɗo iyakaci in buge ƙugu, amma ban taɓa tsallake shi ba, har lokacin da furfura ta fito mini.

Igiyar farko da na yanka, kwana biyu bai yi mini magana ba. Yana son ta ƙwarai. Ta koma igiyar guga, kuma ba a daɗe ba ta tsinke da guga cike da ruwa. Sai na jira ya shigo gida sannan na ɗauko ƙugiya na fara laluben gugan, na kuma ja aikin ya yi tsawo yadda ba zai ce bai gani ba.

Da haka na san duwatsun da ban taɓa zuwa ba. Akwai mai barin jan gari a jikin igiya, akwai mai barin baƙi. In na ga wuri guda ya ci sosai na san ya daɗe a rataye a nan, zuma ta yi yawa. In ɗamara ta dawo da farin gishirin gumi har baya, na san rana ta same shi a fuskar dutse. Malam ba mai yawan magana ba ne. In na tambaye shi yadda tafiya ta kasance, iyakarta ya ce alhamdu lillahi. Buhun ne yake ba ni sauran labari, har wani lokaci in ce masa wannan karon ya je baƙin dutsen nan, ya dube ni ya girgiza kai ya ce Allah ya raba shi da 'yar dukawa.

Gidan da na shigo na tarar cike da mutane, a hankali ya zama ni kaɗai. Iya ta rasu. Ƙannensa suka yi gini a bayan ganuwa suka kwashe iyalansu. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana, ita ma aure ya kai ta can gabas, sai sallah-sallah muke ganinta. In bazara ta kama Malam ya saɓa buhu ya fita, sai ni da darbejiya da rediyo. Ɗakunan da aka rufe ina sharewa duk da ba mai shiga. Tuwon mutum ɗaya ba ya tuƙuwa da daɗi, sau da yawa sai in sha fura in haƙura. Ba zan ce na saba ba. Na dai koyi yadda ake wuni a bayan ƙofa ana sauraron takun mutane a lungu, ana rarrabe wanda ba nasa ba.

Shekarar da aka ce sojoji za su koma bariki a miƙa mulki ga farar hula, gari ya ɗauki zafi. Bangon kowane lungu ya cika da hotunan 'yan takara, har bangon zaurenmu, ba wanda ya nemi izini. Motoci masu lasifika ba sa iya shigowa lungunmu don ƙunci, amma muryarsu tana shigowa. Abokin tafiyar Malam, wanda ya riƙe masa igiya tun suna samari, ya shiga hidimar siyasa. Wani ɗan takara ya ba shi babur, daga nan ya ce gwiwarsa ta daina son dutse. Ban ga laifinsa ba, amma har yau in na tuna da babur ɗin nan raina yana ɓaci. A wannan shekarar kuma tsohon nan na Sheshe ya rasu, ba wanda ya gaji tufkarsa. Igiyar da ke hannunmu ta zama ta ƙarshe. Akwai ta roba a kasuwa, irin wadda samarin ƙauyen gindin dutsen suka fara hawa da ita, amma Malam ya ce santsi gare ta, kuma ba a iya buɗe cikinta a ga abin da take ɓoyewa.

Sai ga mai shagon maganin da ke karɓar zumarsa yana ta aike, wai 'yan siyasa duk muryoyinsu sun dishe a wajen taro, kowa zumar dutse yake nema. Malam ya ce zai tafi shi kaɗai. Zai buga ƙusa biyu maimakon ɗaya, ya riƙa sakar wa kansa igiya da hannu. Na yi magana, na ƙara, har na ɗaga murya. Abin da ban faɗa ba shi ne abin da na riga na gani. Hannunsa na dama ya fara rawa. Na gani a ludayin koko, na gani a carbi, na ga ya daina sa maɓallin wuyan rigarsa yana cewa zafi ne. Ya tafi.

Ya dawo da zuma, da tsumma ɗaure a tafin hannu. Ya ce ƙudan zuma ne suka yi masa taron dangi. Ya ajiye buhu a ƙofar ɗakina kamar kullum, ya yi wanka ya fita masallaci.

Washegari da hantsi na zazzage kayan. Tun kafin in rufe ido na gani. Wajen gaba biyu na igiyar ya yi sumul yana ƙyalli, gashin ramar duk ya ƙone, alamar ta gudu ta cikin ƙawanya da ƙarfi ba mai riƙe da ita. Gaba kaɗan akwai busasshen jini. Ɗinkin ɗamara na gefen hagu ya fashe. Ƙawanyar da take zagayayya ta miƙe ta zama kamar ƙwai. Da na kai ga ƙullin ƙarshe, wanda na yi da hannuna, sai na tarar ya matse ya zama kamar ƙarfe, basilla ma ta ƙi shiga. Wato igiya ta kuɓuce masa, ya zarce har ƙarshenta, ƙullin nan kaɗai ya hana shi isa ƙasa. Shi kaɗai a fuskar dutse, ba mai jin kiransa. Yadda ya hau ya koma sama da wannan hannun, Allah kaɗai ya sani. Na zauna da ƙullin a cinyata, na rasa kuka zan yi ko zagi.

Na bi igiyar tufka bayan tufka ina neman laifinta, kuma wallahi da zuciya ɗaya nake nema. Ban samu ba. Ƙunar a waje ta tsaya, cikin yana nan fari da ƙarfinsa. Ƙusoshi duk sun amsa. Ba kaya ne suka ci amanarsa ba, hannunsa ne ya saki.

Wuƙar tana nan kusa da ni a kan tabarma. In na sa ta na raba igiyar, shi ke nan, ba wata, ba mai tufka wata, kuma doka ta hana shi tambaya. Na ɗauki wuƙar na ajiye, na sake ɗauka. Amma na san Malam. Zai ɗauki guntun ya murɗa ya ga farin ciki, ya gane na yi masa ƙarya, kuma daga ranar maganata a kan kayansa ta zama banza. Sannan ba zama zai yi ba. Kasuwa zai shiga ya sayo ta roba ya tafi da ita, wadda ban san cikinta ba, ba kuma zai ajiye mini ita a ƙofa ba. Ƙullin da ya matse kawai na datse, na mayar da wuƙar ɗaki. Na naɗe bakin igiyar na yi sabon ƙulli, na aika aka yi sabuwar ƙawanya, na farke ɗamarar na ɗinke ta da zare ninki biyu, na yi lilo a darbejiya har reshe ya yi ƙara.

Bayan la'asar na same shi zaune a inuwa yana sauraron rediyo, ana ta maganar wanda ya ci da wanda ya faɗi. Na durƙusa na ajiye kayan a gabansa.

"Malam, igiya lafiyarta ƙalau. Ɗamara na ɗinke. Hannunka ne ba ni da basillar da zan gyara shi."

Bai dube ni ba. Ya rage muryar rediyon.

"'Yar dukawa, igiya aka ba ki ki duba. Ba a ba ki ni ba."

Maganar ta yi mini ciwo fiye da mari. Na tashi na shiga ɗaki. Da tafin hannunsa ya warke, sauran zumar bazara tana nan, ya saɓa buhu ya sake fita. Na raka shi har zaure na ce Allah ya kiyaye hanya, ya ce amin, iyakar abin da muka ce wa juna ke nan.

A cikin wannan tafiyar aka miƙa mulki. Unguwa ta cika da murna, rediyon kowane gida yana faɗin abu ɗaya, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko na ji, an ce yanzu kowa zai faɗi ra'ayinsa ba tsoro. Na ce na ji. Ni ina zaune a ƙofar ɗaki ne, duk sallamar da aka yi a zaure sai in kasa kunne, ina jiran muryar baƙo ya ce daga wajen Rano yake. Na yi fushi da Malam, na yi fushi da Iya da dokarta, na yi fushi da kaina da ban sa wuƙar ba. Ba kuma wanda zan gaya wa. In na faɗa wa 'yata, ƙannensa za su ji, su zo su tsare shi da magana a gaban mutane, abin da ba zai taɓa yafe mini ba.

Ya dawo lafiya. Har da fara'a, har da yawan magana, abin da ban san shi da shi ba. Zuma cike da jarka, ta dutse ce kuwa, na ɗanɗana. Ya ajiye buhu a ƙofata.

Wannan karon ban jira washegari ba. Na warware igiyar na ja ta ta cikin hannuna, sai na ji abin da ban taɓa ji ba. Ba tsakuwa ko ɗaya. Ba jan gari, ba baƙi. Na kai ta hanci, ba warin hayaƙi. Kakin da na shafa a baki yana nan da shatin yatsana. Ɗamara tana ta maiƙon man kaɗe, ba gumi a jikinta, sabuwar ƙawanya ko ƙwarzane babu. Sai a tsakiya na tarar da wuri ɗaya, tsawon tafin hannu, ya yi kaushi. Na buɗe ido na duba. Cin da dutse ke yi wa igiya in mutum yana rataye, gefe guda yake kwantar da gashinta, a karkace. Wannan kuwa gaba da baya aka goga, daidai wa daida, irin gugar mutumin da ya zauna ya riƙe igiya da hannu biyu yana dirza ta a kan dutse.

Bai hau ba. Ya je gindin dutsen ya karɓi zuma wajen samarin nan masu igiyar roba, sannan ya zauna ya goge tasa don in sami abin da zan gani. Hawaye ya zubo mini. Na ji daɗi har cikin raina, na kuma ji tausayinsa har ya fi daɗin yawa, don na hango shi zaune a ƙasa da buhu a gefe, yana ɗaga kai yana kallon yara a wurin da ya yi rayuwarsa.

Ina cikin haka sai na ji shi a bayana, wai butar alwala yake nema, alhali tana gabansa.

"Yaya kika gani?"

Na goge fuska da gefen mayafi, na ɗaga masa wurin.

"Ta ɗan ci a nan. Sai na gyara."

"Dutsen nan yana da kaifi," in ji shi.

Na ce yana da shi.

Haka muka ci gaba shekara da shekaru. Bazara ta zo ya saɓa buhu, ya dawo da zuma da igiya mai kaushi a wuri ɗaya. A unguwa yana nan a matsayin mai hawan dutse, a zauren masallaci ana nuna shi ga baƙi. Ni kuma in wanke, in shanya, in buga ƙusoshi, in naɗe wurin da ya goga, in yi lilo a darbejiya. Ban taɓa sassauta aikin ba, domin ban san ranar da zuciya za ta ɗebe shi ya ɗaura ɗamarar da gaske ba. Duk tafiya sai na yi zaman jiran nan, kuma hankalina ba ya kwanciya da ganin fuskarsa, sai na kai igiyar hanci na ji ba hayaƙi. Ba mu taɓa maganar ba. Na san ya san na sani. Mu biyu a gida ɗaya, kowa yana riƙe da nasa bakin abin, wani lokaci in ji kaɗaicin ya fi na lokacin da yake tafiya.

Rawar hannun ta ƙaru har ta kama na hagu. Ni nake riƙe masa kofi. Bazarar ƙarshe na so in hana shi, amma me zan ce, tunda a maganarmu hawa yake yi lafiya lau? Ya tafi, ƙaninsa ya sa shi a mota. Da ya dawo ya zauna a inuwar darbejiya yana numfashi, ni kuma na ja buhun bayan ɗakin girki. Na bi igiyar daga baki zuwa baki, na sake bi. Babu komai. Ko wurin gugar babu. Hannuwan sun kasa ko riƙe ta su dirza.

Na ji muryarsa daga tsakar gida, ƙasa-ƙasa, yana tambaya yaya na gani. Na ce ina zuwa. Rijiyarmu tana nan bayan ɗakin girkin, bakinta na siminti ne, ya ɗan fashe a gefe. Na kama igiyar da hannu biyu na goga ta a nan, gefe guda, a karkace, yadda dutse ke yi in mutum yana rataye da nauyinsa, don ni na fi shi sanin yadda abin yake kama. Na kawo na durƙusa na ɗora masa a cinya.

"Ga shi nan. Wannan karon ta ci sosai."

Ya ɗora babban yatsansa a wurin yana shafawa, yatsan yana rawa. Garin siminti yana nan fari a jikin ramar, na manta ban kakkaɓe ba. Ya dube shi, ya ɗago ya dube ni, rabon da ya dube ni haka har na manta.

"Dutsen nan yana da kaifi, 'yar dukawa."

Na ce yana da shi, Malam.

A gabansa na naɗe wurin da zare, na shafa kaki, na jefa igiyar a reshe na ɗaura ɗamara na ɗage ƙafafuna, yana kallo. Bai kai wata bazarar ba.

Bayan na fita takaba 'yata ta zo tana taya ni gyaran ɗaki, ta ga buhun ta ce igiyar gugarmu ta tsufa, me zai hana a yanka wannan a sa. Na ce mata lafiyarta ƙalau, ba a yanka ta. Tana nan a rataye a ɗakina. In zafi ya fara, na ga furen darbejiya yana zuba a tsakar gida, nakan sauko da ita in zauna a tabarma in rufe ido in ja ta ta cikin hannuna har ƙarshe. Nakan daɗe da ita a cinya bayan na gama, ko da yake na san ba wanda zai zo neman buta ya tambaye ni yaya na gani.